KASHI NA 23: Shekarun da akushi ya daina fita ƙofar gida

  

Yau ban zo da baƙo ba, ni kaɗai ne. Dalili kuwa, bayan shirin makon jiya wani yaro ya turo mini saƙo, ya ce: "Baba, ku dai kun ci Najeriya tana ɗanya, mu ne muka tarar da ƙanzo." Na yi dariya da na karanta, daga baya kuma dariyar ta tsaya. Ɗana, ban ce ba ka cikin wahala ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da tukunyarsa take ciki. Amma zancen cewa mu mun taso cikin daɗi, wannan kam sai ka zauna in ba ka labarin garinmu Sanyinna, daga 1982 zuwa wajen 1990. Ina yaro lokacin, amma yaron da ya kwana da yunwa ba ya mantuwa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne kuma manomi, kamar yadda kusan kowa a garin yake da sana'ar rani da gonar damina. Kekensa na ɗinki Singer ne, baƙi, na ƙafa, yana cikin zaure. In kana son ka san lafiyar gari, to ka zauna wurin tela. Mahauci yana ganin aljihun mutane na yini ɗaya, tela yana ganin na shekara. Farkon wayona, in azumi ya kai goma, ba ka ganin bangon zaurenmu don yadi. Shadda, atamfa, leshi, kayan yara. Baba yakan kai asuba yana taka keke da fitilar ƙwai, ni ina cire zare ina gyangyaɗi. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, an buɗe makarantun UPE tun 1976, an ɗauki malamai, malamai suna da albashi, albashin nan kuma cikin gari yake zagayawa. Ga shi shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, ɗan maƙwabta ne, garinsu ba nisa da mu. Mutane suna ganin ai an gama, daɗi ya zauna ke nan.

Sai farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya. Mu ba mu san da wata kasuwar duniya ba. Abin da muka sani, a watan Afrilun 1982 rediyo ya fara maimaita wata magana, wai matakan tsuke bakin aljihu. Mutane suka ɗauki kalmar Turancin suka mayar da ita tasu, ostariti. In tuwo ya yi ƙanƙanta a ce ostariti, in mutum ya rame a ce ostariti ta kama shi. Da farko abin wasa ne.

Wurin da ya fara zama ba wasa ba, makaranta. Albashin malamai ya riƙa tsallake wata, ya koma tsallake watanni. Malaminmu na aji huɗu, mutum mai tsafta, mai agogo, wanda iyayenmu ke nuna mana suna cewa ku yi karatu ku zama kamarsa, shi ne na gani da idona ya zo zaurenmu da wando a ninke a jarida, yana tambayar Baba ko za a iya juya masa gwiwar. Baba ya juya, ya buɗe littafin bashi ya rubuta. Ku riƙe zancen littafin nan, zan dawo kansa. Daga baya malamin ya koma zuwa aji sau biyu a mako, sauran kwanakin yana gona ko kasuwa. Ban taɓa ganin laifinsa ba, har yau. Amma iyaye sun gani, suka yi lissafi: in mai ilimin ke nan, to me yaro zai je nema? Ajinmu da muka fara a cike, kafin mu kai aji shida ana iya ƙirga mu ba a sauke numfashi ba.

A 1983 abubuwa biyu suka haɗu. Na farko bushiya ta faɗa wa shanu. Annoba ce da ta ratsa arewacin ƙasar nan gaba ɗaya a shekarar, ta kashe shanu ba adadi. Akwai Fulanin da suke sauka a gonarmu kowace kaka, shanunsu su ci kara su bar mana taki, matansu su kawo nono a ba su hatsi. Tun kakana ake wannan hulɗa. Shekarar nan maigidansu ya zo da sanda kawai a kafaɗa. Ya zauna a zaure ya kasa magana, Baba ma ya kasa. Wanda bai san ƙauye ba zai ce asarar Bafillace ce shi kaɗai. A'a. Babu shanu babu taki, babu taki gonar tudu ba ta ba ka komai. Nono ya yi wuya, fura ta koma ta ruwa da tsamiya. Mahauta suka rasa abin yanka na kirki.

Na biyu, ruwa ya ɗauke. Gero ya yi kai, yana neman ruwan da zai cika ido, sama ta bushe. Aka fita roƙon ruwa. Abin da aka girbe bai kai rabin abin da aka saba ba a gonarmu, damina ta gaba ma ba ta gyara ba. Kakata takan ce ita ta ga yunwar Muda, wannan ba komai ba ce. Kafin shekara ta zagayo ta daina faɗin haka.

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓi mulki. Na tuna mutane sun kewaye rediyo a bakin kasuwa. Wanda ya yi sanarwar, Birgediya Sani Abacha, cikin dalilan da ya kawo har da cewa asibitoci sun zama wurin ganin likita kawai babu magani, kuma ma'aikata suna bin albashin watanni. Gaskiya ya faɗa. Sai dai a yankinmu abin ya zo da ɗaci biyu, don wanda aka tumɓuke namu ne. Janar Buhari ya hau, aka shiga zamanin layi. Sabulu, madara, sukari, man girki, duk sun zama kayan da ake rabawa a layi, soja na tsaye da bulala. Mu a ƙauye ma layin bai cika isowa gare mu ba. Labarinsa muke ji daga waɗanda suka je Sakkwato, kayan kuma mu gan su a kasuwa da wani farashi.

Sai canjin kuɗi. Ƙarshen watan Afrilun 1984, tsakiyar bazara, aka ce an sauya launin takardun Naira, kuma kwanakin da aka bayar ba su cika mako biyu ba. Waɗanda suka sha wahalar canjin kuɗi na farkon 2023 za su ce sun san wannan. Kun san rabinsa. Ku kuna da waya, kuna da masu POS. Mu a lokacin yawancin mutanen ƙauye ba su taɓa taka ƙofar banki ba. Kuɗi suna cikin tukunya, cikin gwangwani, cikin ɗan tofi. Aka riƙa tara kuɗin unguwa a ba mutum ɗaya ya tafi birni ya kwana a layi. Wasu sun dawo da amana cif. Wasu sun dawo da labari. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu mai saida ƙuli-ƙuli, ta ƙi ba kowa nata don ba ta yarda da kowa ba, ta ce kuɗi kuɗi ne. Bayan wa'adi ya wuce ta fito da su sayen gero aka ce mata takarda ce. Kuɗin likkafaninta ne take tarawa.

A lokaci guda aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai a 1986. Mu mutanen ƙasar Sakkwato rabin cinikinmu da Nijar ne, ta Illela da Ƙonni, ta Kamba. Su ma fari ya cinye su, ga hanyar hatsi an toshe. Har yau in ka je ƙasar Maraɗi ko Tawa ka ce El Buhari, tsofaffi sun san yunwar da kake nufi. Duk da rufewar sun shigo, ta daji, mata da yara da Buzaye, suna bin gari gari. Da can baƙo in ya sauka a Sanyinna ba ya tambayar inda zai ci. A shekarar nan na ga an rufe ƙyaure an yi shiru har mai sallama ya gaji ya wuce. A gidanmu ma an yi. Ba zan ɓoye ba.

To bari in zo kan akushi, don shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauko wannan zance.

A unguwarmu, bayan magariba kowane magidanci yakan sa a fito da akushinsa ƙofar gida ɗaya. A shimfiɗa tabarma, a jera, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a na kowa. Ciyayya ke nan. Mu yara muna gefe muna jiran saura, almajirai suna bayanmu. Wurin nan ne ake sanin wanda matarsa ba ta da lafiya, wanda zai aurar da 'ya, wanda gonarsa ke buƙatar gayya. Ba a taɓa kiran taro ba, tuwo ne yake kiran taron. A ƙofarmu ake yi, magidanta bakwai.

Azumin 1984 ya faɗo a watan Yuni, farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa ko a shekarar albarka. Sai aka fara raguwa. Wannan ya aiko cewa ba ya jin daɗi. Wancan ya ce ya riga ya ci a ciki. Ina yaro na ɗauka rowa ce, na ce mutane sun fara ɓoye abincinsu. Sai da na girma na gane akasin haka ne. Wanda yake da tuwo bai daina fitowa ba. Wanda ba shi da shi ne ya daina, don ba zai iya zuwa hannu biyu ya zauna ya ci na wasu kullum ba, kuma ba zai iya fito da kwaɗon tafasa da garin kwaki a buɗe gaban tsaransa ba. Kunya ce ta kashe ciyayya. Wato a daidai lokacin da mutum ya fi buƙatar akushin maƙwabcinsa, a lokacin ne ya janye jikinsa daga gare shi. Bakwai suka koma huɗu, huɗu suka koma Baba da ƙanensa. Wata rana Baba ya ce wa Inna a bar masa nasa a ɗaki.

Cikin bakwai ɗin nan akwai aminin Baba. Tare suka yi makarantar allo, tare suka fara zuwa ci-rani suna samari. Akushinsa ya fi na kowa girma a da, mutum ne mai son a ci nasa. Ba zan faɗi ko da unguwarsu ba, jikokinsa suna nan, wataƙila ma suna saurare.

Wani dare cikin damina ta biyu, zafi ya hana barci, ni da Baba muna kwance a tsakar gida. Sai na ji motsi wajen rumbu. Na ɗaga kai, akwai ɗan farin wata, na ga mutum ya ɗage murfin yana zaro zangarniyar gero yana cusawa a riga. Na gane shi tun daga tsayuwarsa. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ji hannun Baba a kafaɗata, ya danne ni ƙasa. Ashe idonsa biyu. Muka yi lamo har mutumin ya gama, ya mayar da murfin a hankali, ya haura ta inda ya shigo. Baba ya sa baki a kunnena, ku yi haƙuri mutanen Kano, yadda ya faɗa zan faɗa: "Ba ka ga komi ba. In ka hwaɗa ma wani, ba ni ba kai. Ka jiya?"

In da a fim ne, a nan za a ce da safe Baba ya auna hatsi ya aika masa. Bai aika ba. Ba shi da abin aikawa, mu goma sha ɗaya ne a gidan. Abin da ya yi, da gari ya waye ya sa muka kwashe sauran damman da ke rumbun muka kai ɗakinsa, ya je kasuwa ya sayo kwaɗo ya sa. Rumbu ya zauna a buɗe, wayam, kowa ya wuce yana gani. Shi ma aminin nasa ya wuce ya gani, kuma ya gane abin da ake gaya masa. Babu wanda ya ce wa wani uffan. Suna gaisawa a masallaci. Amma daga ranar bai sake bin ta ƙofar gidanmu ba, sai ya zagaya ta wani lungu, hanyar da ta ninka nisa. Shekara da shekaru. Ranar da ya rasu Baba ne ya ɗinka likkafaninsa, da hannu, bai karɓi ko kwabo ba, ya dawo gida ya shiga ɗaki bai fito ba sai la'asar.

Na daɗe ina auna wannan abu. Wani lokaci in ce Baba ya rufa masa asiri, ya yi abin da ya dace. Wani lokaci in ce da ya kira shi gefe sun yi magana, ko da faɗa ne, da abotar ta rayu. Ban yanke hukunci ba har yanzu. Kwaɗon nan dai shi ne na farko da na taɓa gani a cikin gidanmu.

Ruwa ya dawo a 1985, an samu amfani, mutane suka ɗan numfasa. A watan Agustan shekarar Janar Babangida ya karɓi mulki. Aka ce 'yan ƙasa su yi muhawara kan bashin IMF, aka yi, aka ce ba a so, gwamnati ta ce ta ji. Sai a tsakiyar 1986 aka kawo SAP, wanda kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi suna ciki. A watan Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Naira da take kusan kai ɗaya da Dala, kafin shekara ta zagayo sai ka ba da wajen huɗu ka karɓi ɗaya, zuwa 1993 ta haura ashirin. Litar fetur daga kwabo 20 ta koma kwabo 39 da rabi a 1986, ta kai kwabo 70 a 1991. Na san yaran yanzu za su yi dariya, kwabo! Ɗana, ba lambar ake dubawa ba, abin da ke aljihun mutum ake dubawa.

Ga yadda abin ya iso zaurenmu. Allura, man keke, zare mai kyau, ƙarfen da ya lalace, duk daga waje suke zuwa ko da kayan waje ake yin su, duk suka tashi. Yadi ya tashi. Masu kawo ɗinki suka koma gwanjo. Sallah ta zo, bangon zaure da ba a gani a da, yanzu yadi biyar ne rataye, uku a ciki bashi. Aikin Baba ya koma faci da rage wuyan rigar gwanjo. A asibiti kuma sai a rubuta maka takarda a ce je ka saya. Ƙanwata ta yi ƙyanda a shekarun nan, kuɗin allurarta tunkiyar Inna ce ta tafi.

Amma in na ce kowa ya talauce na yi ƙarya, kuma nan ne abin ya fi ciwo. An hana shigo da shinkafa da masara a 1985, an hana alkama a 1987, an rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986. Saboda haka wanda yake da rarar hatsi, ko yake da fadama da injin ban ruwa, ko yake da hanyar samun takin zamani a farashin gwamnati, wannan ya samu kuɗin da bai taɓa samu ba. Wanda hatsinsa ba ya kai shi shekara, shi kuma yana sayarwa da arha da kaka don biyan bashi, ya dawo ya saya da tsada da damina, sau da yawa a hannun mutum ɗaya. Daga nan sai jinginar gona. Gonaki da yawa da aka ba da jingina a shekarun nan ba su koma hannun masu su ba. Gwamnati ta kawo DFRRI, ta kawo MAMSER, uwargidan shugaban ƙasa Maryam Babangida ta kawo shirin kyautata rayuwar matan karkara, an ga 'yan hanyoyi da rijiyoyin burtsatse a wasu wurare. Ban raina ba. Amma ba su hana garin rabuwa gida biyu ba, masu ba da bashi da masu karɓa, alhali jiya tabarma ɗaya suke zama.

Gandu ma ya watse. Baba da ƙanensa gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, tun rasuwar kakana. Da abinci ya yi kaɗan sai aka fara ƙirga bakuna: wane 'ya'yansa sun fi yawa, wance tana cika ludayi. Aka ja danga a tsakar gida. Baffa bai yi mugunta ba, Baba ma haka, amma 'ya'yanmu yanzu ba su san cewa gida ɗaya ba ne.

Samari kuwa suka bi hanya. Ci-rani ba sabon abu ba ne a ƙasar Sakkwato, amma da can mutum ya tafi bayan girbi ya dawo kafin shuka. Yanzu sai a tafi a zarce. Yayana ya tafi Ikko a 1987, ya yi dako, ya yi gadi a wajen Agege. Shekara biyu na farko yana aiko saƙo ta hannun direbobi, daga baya sai gaisuwa, daga baya shiru. Sai da aka yi shekara tara ya dawo, da mata da 'ya'ya biyu da ba sa jin Hausa sosai. Inna ta yi kuka ta yi dariya a zama ɗaya. A birane ɗalibai sun yi zanga-zangar SAP a 1989, an ji a rediyo. A Sanyinna ba wanda ya ɗaga kwali. Mota kawai ake shiga da asuba.

A 1988, shekarar da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu, Baba ya sayar da keken. Wani mutum daga wajen Jega ya saya. Ni na taimaka aka ɗora shi a bayan a-kori-kura. Ƙafafunsa huɗu sun bar rami huɗu a daɓen zaure, ba a cike su ba har aka rushe zauren. Da kuɗin aka sayi hatsi, aka biya mini kuɗin jarrabawa. Duk abin da na zama, har wannan magana da nake yi muku yanzu, daga keken nan ya fito.

Littafin bashin yana hannuna. Littafin makaranta ne mai layi, Baba yana rubutawa da ajami. Suna, abin da aka ɗinka, kuɗi. Wanda ya biya a ja layi a kai. Shafukan farko kusan duk a jaye suke. Daga tsakiya layukan suka fara ƙaranci, shafuka uku na ƙarshe babu ja ko ɗaya. Sunan malaminmu yana ciki sau huɗu. Sunan aminin Baba yana ciki sau ɗaya, rigar Sallah ta yaro, kuma an ja layi a kai, amma da wani alƙalami daban, ba wanda aka yi sauran da shi ba. Ban san ranar da ya ja shi ba, ban kuma san ko an biya ba.

Wanda ya turo saƙo, ka ji nawa. Wanda kuma ya ga shekarun nan a Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Kebbe, Yabo ko Argungu, ko ma a ƙetaren iyaka, ya turo mana nasa ta akwatin saƙo, musamman iyayenmu mata, don abin da ya faru a madafa su suka sani, ni daga zaure na gani. In an samu da yawa za mu karanta su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.